Hoton Biki 2,400 a RAW: Yaya Zan Gama Gyara da Wuri?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai ɗaukar hoton biki a nan Kano, ina zaune a Hotoro. Kwanan nan na koma ɗauka da RAW saboda kowa yana cewa ya fi JPEG. A bikin da na yi na ƙarshe, daga kamu zuwa ɗaurin aure da dina, ni da yarona mun dawo da hoto kusan 2,400. Yau mako uku ke nan ina zaune a gaban manhajar gyaran hoto ta Lightroom ban kai rabi ba, kwamfutar sai nauyi take yi, dangin amarya kuma kullum sai sun kira. Shin akwai hanyar da ake bi a gama da wuri ba tare da an ɓata aikin ba, ko dai in koma JPEG in huta?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Idan na fahimce ka, abu biyu kake tambaya: yadda za ka rage lokacin da hotuna masu yawa suke ci maka, da kuma ko RAW ɗin, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara take ajiyewa kafin ya zama hoto irin na JPEG, shi ne ya jawo maka wannan wahala. Zan fara da na biyun domin amsarsa gajeriya ce. Kada ka koma JPEG saboda wannan bikin. Abin da ya riƙe ka mako uku shi ne tsarin aikinka, domin daga yadda ka ba da labari, kana buɗe hotunan ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko, kana yi wa kowanne gyara kamar shi kaɗai ka ɗauka. Yi lissafin da kanka: idan kowane hoto ya ci minti biyu kacal, hoto 2,400 zai ci minti 4,800, wato awa 80, kuma mafi yawansu hotuna ne da babu wanda zai taɓa gani. Wanda ya daɗe a aikin biki haske yake gyarawa. Yakan daidaita hoto ɗaya daga kowane irin haske, sannan ya shimfiɗa gyaran a kan sauran da aka ɗauka a wuri guda.

Abin da ke cikin fayil ɗin RAW

Fayil ɗin RAW, ko CR3 ne na Canon, ko NEF na Nikon, ko ARW na Sony, ɗanyen bayani ne da sensar kyamara, wato ɓangaren da yake karɓar haske a cikinta, ta tattara, ba a riga an mayar da shi hoto ba. Yawancin kyamarori suna rubuta shi da bit 12 ko 14, kuma bit 14 yana nufin matakan haske 16,384, alhali JPEG bit 8 ne, matakai 256 ga kowane launi. Wannan tazarar ce take ba ka damar dawo da aikin zare a wuyan farar babbar riga da rana ta haske, ko ka fito da fuskar dattijon da ya zauna can cikin inuwar rumfa, ba tare da hoton ya farfashe ba. Kuɗin da kake biya shi ne nauyi. Kyamara mai megapiksel 24 takan ba da fayil na kimanin megabait 25 zuwa 30, ke nan bikinka ya kai gigabait 60 ko ya wuce, kuma duk lokacin da ka buɗe hoto a sashen Develop, inda ake gyara a Lightroom, sai kwamfuta ta gina shi daga wancan ɗanyen bayani. Ko daƙiƙa uku take ɗauka a kowane hoto, ka yi asarar awa biyu kana kallon allo kawai.

Akwai wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu, domin sauri da launi duka sun rataya a kansa. Kyamara tana ɓoye hoton JPEG a cikin kowane fayil na RAW, kuma shi ne kake gani a bayan kyamara a wurin biki. Idan Lightroom ta karɓi fayil ɗin, takan nuna wannan na ɗan lokaci, sannan ta maye gurbinsa da nata fassarar, shi ya sa kake ganin hoton da ya burge ka a wurin biki ya dushe a gaban idonka. Babu abin da ya lalace. Idan launin kyamararka kake so, ka shiga wurin zaɓen Profile ka ɗauki Camera Standard ko makamancinsa a maimakon Adobe Color, ka kuma sa ya zama shi ne na dindindin, ka ga ka rage wa kanka aiki tun kafin ka taɓa komai.

Zaɓe kafin gyara

A nan ne mafi yawan lokacinka zai dawo. Amma kafin komai, kwafe katin memori zuwa wuri biyu daban, kuma kada ka goge katin sai ka miƙa aiki idan kana da halin ajiye shi. Ka sanya wa folda suna da kwanan wata da sunan taron, ka zuba hotunanka da na yaronka a wuri ɗaya, ka jera su bisa lokacin ɗauka. Idan agogon kyamarorinku biyu bai zo ɗaya ba, za ka ga hoton shigowar amarya ya cakuɗe da na yanka kek. Gyaran mai sauƙi ne: nemo lokaci guda da ku biyun kuka ɗauka, ka lissafa bambancin, ka zaɓi dukkan hotunan kyamara ɗaya ka yi amfani da Edit Capture Time ka matsar da su a tashi ɗaya.

Wajen shigo da hotuna cikin Lightroom Classic, a gefen dama inda aka rubuta Build Previews, zaɓi Embedded & Sidecar. Tun shekarar 2017 aka inganta wannan zaɓi, kuma abin da yake yi shi ne ya yi amfani da wancan JPEG ɗin da ke ɓoye, don haka hotuna suna wucewa da sauri muddin ka tsaya a sashen Library, inda ake dubawa da tsara hotuna. Manhajar Photo Mechanic, wadda masu ɗaukar hoton jarida da wasanni suka daɗe suna amfani da ita, da wannan dabarar ta yi suna, sai dai ta kuɗi ce, kuma a matakin da kake ba dole ba ce. Danna Caps Lock domin hoto ya riƙa wucewa da kansa da zarar ka yi masa alama. Harafin P yana nufin ka zaɓa, X ka ƙi, U ka janye alamar.

Shawarata ita ce ka riƙa zaɓen wanda kake so, ka bar neman wanda za ka jefar. Bambancin yana da girma a aikace. Mai neman na jefarwa yakan tausaya wa kowane hoto, ya ce wannan ma ai ba laifi, sai ya ƙare da 1,800. Mai zaɓen na ɗauka kuwa tambaya ɗaya yake yi, ko wannan hoton zai shiga hannun masu biki, idan bai ce e nan take ba ya wuce. Daƙiƙa biyu ta isa kowane hoto a zagayen farko, wato minti 80 ga dukkan bikinka. Kada ka ƙara girman hoto don duba fokas a wannan zagayen, kada ka taɓa haske, kada ka daidaita karkata. A zagaye na biyu ne za ka duba waɗanda ka zaɓa kawai, inda ka ɗauki hoto bakwai a jere na abokan ango ka danna N su fito tare a allo ka bar ɗaya, wanda idanu suke buɗe kuma hular kowa ta zauna. Ga biki mai taro uku irin naka, ni abin da nake miƙawa bai cika wuce 400 zuwa 600 ba, kuma ban taɓa jin an yi ƙorafin ƙarancinsu ba. Abin da ake ƙorafi a kai shi ne rashin wani mutum. Saboda haka kafin ka rufe zaɓe, tabbatar da cewa iyaye, waliyyai, kakanni da gwaggonni kowa ya fito, ko da hoton bai kai sauran kyau ba. Hoton kaka da ya ɗan yi duhu ya fi hoton ado goma daraja a wurin masu biki.

Zaɓe kuma amana ce, musamman a garinmu. A wurin kamu da sa lalle mata suna sakin jiki saboda suna tsakaninsu, mayafi yakan zame, wata tana rawa, wata tana shayarwa a gefe, wata matar aure ce da mijinta ba zai so hotonta ya yi yawo ba. Irin waɗannan ba sa shiga cikin abin da za ka miƙa, kuma ba sa zama a wayar yaronka. Wannan hukunci ne da idonka kaɗai zai iya yankewa.

Da zarar ka gama zaɓe, ware hoto 30 ko 40 mafi kyau ka fara gyara su ka tura wa amarya da ango a daren nan. Kiran da ake yi maka zai ragu sosai, domin yawanci abin da suke so shi ne su ga wani abu su sa a sitatus.

Rarraba hotuna bisa haske

Yanzu kana da, a ce, hoto 500. Kada ka dube su a matsayin 500. Dube su a matsayin wurare: ɗakin kwalliyar amarya da hasken taga, tsakar gida da yamma, harabar masallaci da rana tsaka, ƙarƙashin rumfa, ƙofar zauren dina, kan dandamali, filin rawa. Da wuya biki ya wuce irin waɗannan rukunai goma sha biyar. Tun da ka jera su bisa lokaci, za ka tarar kowane rukuni a haɗe yake. Idan kun ɗauki wuri ɗaya da kyamara biyu, raba su ta hanyar tace bayanan kyamara a Library, domin Canon da Sony ba sa fassara launi iri ɗaya, kuma lambar da ta yi wa wannan daidai ba lallai ta yi wa wancan ba.

Fara da gyaran da kowane hoto yake buƙata: Profile, gyaran lensi, ɗan kaifi, da yanayin launin da kake so aikinka ya riƙa fita da shi. Ajiye wannan a matsayin Preset naka na kanka, wato ajiyayyen gyara da ake ɗorawa a danna ɗaya, amma kada ka saka yawan haske da ɗumin launi a cikinsa, domin su biyun ne suke canzawa daga wuri zuwa wuri. Ka sa manhajar ta riƙa ɗora shi tun wajen shigo da hotuna. Ina ganin matasa suna sayen tarin Preset na ƙasashen waje, waɗanda aka tsara a kan farar fata da hasken ƙasa mai sanyi, su ɗora a kan amaryar Kano ta koma kalar toka ko ruwan lemo. Guda ɗaya da ka gina da hannunka a kan fatar mutanenmu ya fi su duka amfani.

Daga nan ɗauki hoto ɗaya daga rukunin farko, wanda fuska ta fito sosai a cikinsa, ka ba shi lokaci. Fara da ɗumin launi. A ma'aunin ɗumin launi da ake kira Kelvin, hasken rana da na filasha suna kusa da 5,500, tsohon ƙwan fitila mai ja yana wajen 3,000, inuwa kuma takan kai 7,000 ko sama. Fitilun LED masu araha da aka cika zaurukan biki da su sukan jefa kore ko shunayya a fuska, wanda layin Tint ne yake cire shi. Idan akwai farar riga a hoton za ka iya ɗora ma'aunin launi a kanta don farawa, sai dai ka yi hattara, domin farar shadda da aka sa wa bula ko wadda aka yi wa sinadarin ƙara haske takan karkata zuwa shuɗi, idan ka yarda da ita sai fuskoki su yi rawaya. Fata ce alƙali. Bayan launi sai yawan haske, sannan ka danna J ka ga inda fari ya ƙone, ka ja Highlights baya har sheƙin shaddar da aikin wuyan su dawo, ka ɗan ɗaga Shadows saboda fuska. Wannan shi ne babban yaƙin hoton ɗaurin aure a Kano: fararen kaya masu ƙyalli, baƙar fata, da ranar ƙarfe biyu bayan an sauko daga Juma'a, duka a hoto ɗaya. A nan ne RAW yake biyan kuɗinsa.

Idan hoton ya yi yadda kake so, zaɓi sauran 'yan rukuninsa ka danna Sync. Akwatin da zai buɗe yana tambayarka abin da za a kwafa, kuma a nan mutane suke yin ɓarna. Cire alamar Crop, domin yankan da ya dace da hoto ɗaya zai sare kan mutum a wani. Cire gyaran da ka yi wa wani ɓangare na hoto shi kaɗai. Sauran ka bari su tafi. Sannan ka koma Library ka mayar da hotunan ƙanana yadda ashirin ko talatin za su fito a allo ɗaya, nan take idonka zai kama wanda ya fi 'yan uwansa duhu ko haske. Su kaɗai za ka taɓa.

Akwai bambanci tsakanin kayan aiki biyu da ya kamata ka riƙe. Sync yana ɗora lamba ɗaya a kan kowa: idan hoton farko yana kan +0.50, kowa ya koma +0.50. Quick Develop da ke Library kuwa ƙari yake yi a kan abin da kowane hoto yake da shi, saboda haka idan ka riga ka daidaita rukuni sai ka ga dukkansu suna son ƙarin haske kaɗan, shi za ka danna, kowa ya ƙaru da sulusin mataki ba tare da ka rushe aikinka ba. Na uku shi ne Match Total Exposures. Idan ka bar kyamara tana zaɓar saurin shota ko ISO, wato ƙarfin karɓar haske, da kanta, za ka ga hasken yana hawa yana sauka duk da cewa wuri ɗaya ne, saboda farar riga ta shigo ko baƙar abaya ta cika hoton. Wannan umarni yana duba lambobin da kyamara ta rubuta ya daidaita sauran da wanda ka gyara. Yana aiki ne kawai idan hasken wurin bai canza ba, kuma ba ya lissafa ƙarfin filashar da take canza kanta.

Wata fa'idar Sync da ake mantawa da ita ta shafi ƙura. A lokacin hunturu, duk wanda ya canza lensi a waje zai ga ɗigo-ɗigo a sararin sama ko a farin bango, a wuri ɗaya a kowane hoto, domin a kan sensa ƙurar take. Goge su a hoto ɗaya ka kwafa zuwa sauran na kyamarar, sannan ka duba kada gogewar ta faɗa a kan idon wani.

Maganar fata

Za a ce maka a haska amarya, wani lokaci ita da kanta, wani lokaci ƙawayenta. Ra'ayina shi ne ka ba fuska hasken da zai fito da ita, ka bar mata launinta. Layin Luminance na ruwan lemo a sashen launuka yana ɗaga hasken fata, kuma kaɗan daga cikinsa yana da kyau, amma idan ka kwafa shi da yawa a kan rukuni guda, zai taɓa duk abin da yake da wannan launin, har da atamfar anko, da jan lalle, da gwal. Sai dangi su ga ankon da suka zaɓo a Kantin Kwari ya canza kala, kuma sun fi ka sanin kalarsa. Gogen fuska mai zurfi a Photoshop, irin wanda ake cire ƙuraje da gyara kwalliya, ka keɓe shi ga hotunan da za su shiga albam ko firam, guda ashirin ko talatin, ka kuma faɗi adadinsu tun wajen ciniki. Wanda ya yi alkawarin goge fuska a hoto 500 ya ɗaure kansa da kansa.

Kwamfuta da wuta

Ka ce kwamfutarka tana nauyi. Kafin ka yi tunanin sayen wata, duba inda fayilolin suke zaune. Tsohon hadis (hard disk, ma'ajiyar fayiloli) mai juyawa yana karanta kimanin megabait 100 zuwa 150 a daƙiƙa, SSD, sabuwar ma'ajiya marar juyawa, na gama-gari yana kai wa 500, na NVMe kuma ya ninka haka. Katalog ɗin Lightroom, wato fayil ɗin da take ajiye jerin hotunanka da gyaransu, da hotunan da kake aiki a kansu yanzu su zauna a SSD, tsofaffin bukukuwa su koma hadis na waje. A ganina sa SSD da kai RAM zuwa gigabait 16 shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani, kuma masu gyaran kwamfuta a Farm Centre da titin Beirut suna yin wannan aikin. Ka kuma sa a buɗe ta a kakkaɓe ƙurar fanka, domin idan kwamfuta ta yi zafi takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, kuma zafin watan Afrilu a Kano ba ya taimakon kowa.

Sai Smart Previews, waɗanda suka zo da Lightroom 5 a 2013. Ƙananan kwafi ne na RAW, piksel 2,560 a dogon gefe, masu karɓar kusan duk gyaran da asalin zai karɓa. Gina su ga hotunan da ka zaɓa kawai, ka shiga Preferences ƙarƙashin Performance ka ce a yi amfani da su wajen gyara. Kwamfuta mai rauni takan farfaɗo da wannan. Wata fa'idar ita ce za ka iya cire hadis na waje ka ci gaba da aiki a kan batir idan an ɗauke wuta, sai lokacin fitar da hotuna ka mayar da shi. Hakan yana kare hadis ɗin ma, domin yankewar wuta ana cikin rubutu tana cikin abubuwan da suke lalata fayil. Ayyuka masu nauyi, wato gina previews da fitar da hotuna, ka tara su zuwa lokacin da wuta ta zauna ko ka tayar da janareto, ka bar su suna tafiya kana wani abin. Haka Denoise da Adobe ta ƙara a 2023 don cire yashi-yashin hoton dare: yana aiki sosai, amma a kwamfutar da ba ta da katin hoto mai ƙarfi kowane hoto yakan ɗauki mintuna, saboda haka 'yan kaɗan da suka cancanta za ka yi wa.

Idan kuɗin Lightroom na wata-wata ya yi maka nauyi, darktable da RawTherapee kyauta ne kuma dukansu suna kwafa gyara daga hoto ɗaya zuwa masu yawa. Sun fi wuyar koyo, amma sun fi maka kwanciyar hankali a kan manhajar da aka fasa, wadda za ta iya shigo maka da cuta cikin kwamfutar da hotunan mutane suke.

Manhajoji masu zaɓe da gyara da kansu

Za ka ji ana maganar Aftershoot da Imagen da ire-irensu, masu amfani da ƙirƙirarriyar basira su ware hoton da ido ya rufe ko fokas ya kauce, su kuma koyi salon gyaranka daga tsofaffin ayyukanka. Suna rage aiki ga wanda yake da biki kowane mako. Kai a yanzu ba zan ce ka fara da su ba. Da dala ake biyansu, wasunsu suna buƙatar ka tura bayanan hotuna ta intanet, wanda ya shafi kuɗin data da kuma sirrin matan mutane, sannan salo suke koya, kai kuwa yanzu kake gina naka. Kuma manhaja ba ta san wace ce uwar ango ba, za ta iya jefar da hotonta guda ɗaya tilo saboda ta ƙifta ido.

Tun ran gini, ran zane

Rabin saurin gyara a wurin biki ake samunsa. Idan ka shiga wuri, tsayar da ɗumin launi a lamba ɗaya ka bar Auto, ka tsayar da haske da hannu muddin hasken wurin bai canza ba, sai hotunan rukunin su fito iri ɗaya, Sync ya zauna musu daidai. Daidaita agogon kyamarorinku kafin ku fita, ku kuma yarda a kan saiti ɗaya kai da yaronka. Rage danna shota babu lissafi, domin duk hoton da ka ɗauka sai ka dawo ka kalle shi. Wutar Najeriya tana kan hertz 50, don haka fitilu da yawa suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa, kuma idan shotarka ta yi sauri za ka ga ratsi-ratsi ko launi yana canzawa tsakanin hoto da hoto. Saurin 1/100 ko 1/50 yana magance shi, ko ka kunna Anti-flicker idan kyamararka tana da shi, ka kuma guji shota marar ƙara a ƙarƙashin LED. Idan janareto ne yake ba zauren wuta, gudunsa ba ya tsayawa daidai, sai ka gwada ka duba bayan kyamara. Game da JPEG, idan kana da taron da ake son hoto a ranar, sa kyamara ta ɗauki RAW da JPEG tare, ka miƙa na biyun nan take ka ajiye na farkon don albam.

Wannan tsari yana da iyaka. A filin rawa, inda fitilu masu juyawa suke watsa ja da kore da shuɗi, kowane hoto da nasa haske, Sync ba zai yi maka komai ba, dole ka bi su ɗaya-ɗaya, wasu ma mayar da su baƙi da fari ne kawai mafita. Farin da ya ƙone ƙurmus ba ya dawowa ko a RAW, haka hoton da hannu ya girgiza. Adadin da na ba ka kuma na aikin aure ne. Wanda ya ɗauki Hawan Daushe ko taron yaye ɗalibai, inda kowane mahayi ko kowane ɗalibi yake son nasa, zai bar hotuna fiye da haka, ko da yake rarrabawa bisa haske tana nan yadda take.

Fitarwa da ajiya

Ka fitar da hotuna kashi biyu a zama ɗaya, dukansu JPEG a launin sRGB, domin shi ne wayoyi da yawancin wuraren wanke hoto suke karantawa daidai. Kashin farko cikakken girma don bugawa, inganci 85 zuwa 90 ya wadatar, kai shi 100 girman fayil kawai yake ƙarawa. Kashi na biyu piksel 2,048 a dogon gefe don waya. Ajiye saitin biyun kada ka riƙa sake rubuta su kowane biki. Idan ta WhatsApp za ka tura, tura a matsayin dokumen, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da ingancinsa. Manyan kuma ka zuba su a filash ka miƙa hannu da hannu.

Bayan an karɓi aiki, ajiye RAW ɗin waɗanda ka zaɓa tare da katalog ɗinsu a hadis biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida. Gyaran da ka yi a cikin katalog yake zaune, ba a jikin RAW ba, saboda haka zaɓi hotunan ka danna Ctrl da S domin a rubuta ƙaramin fayil na XMP kusa da kowanne, ko katalog ya lalace gyaranka yana nan. Waɗanda ba ka zaɓa ba ka riƙe su wata biyu ko uku, saboda akan dawo a ce ba a ga hoton wance ba, bayan nan ka goge su ka samu wuri. Ka kuma rubuta wa masu biki tun farko ranar da za su karɓi hotuna da tsawon lokacin da za ka ajiye musu fayiloli, ko da a saƙon waya ne. Allah Ya sa albarka a sana'ar.